Ranar da Rana Ta Zama Lauje

A tsakar gidanmu da ke unguwar Turaki, cikin garin Jalingo, akwai wata tsohuwar bishiyar darbejiya. A gindinta ake daka, a nan mata suke kitso, a nan kuma kakarmu, wadda muke kira Dada, take shimfiɗa tabarmarta da hantsi. A gindin wannan bishiya na fara ganin husufin rana, ranar Laraba 29 ga Maris, 2006. A lokacin ina da shekara goma sha uku, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Na sha ba abokaina labarin wannan rana muna dariya, amma kullum akwai wani ɓangare da nake tsallakewa. Yau zan ba da shi gaba ɗaya.

Shekarar ta zo da maganganu masu yawa. A watan Fabrairu aka ji ɓullar murar tsuntsaye a Nijeriya, mutane suka riƙa ƙyamar naman kaza. A majalisun dattawa ba a hirar komai sai tazarce, wato yunƙurin ƙara wa shugaban ƙasa wa'adi na uku. Ga kuma ƙidayar jama'a da aka kammala kwanaki kaɗan kafin ranar, har tawadar da malaman ƙidaya suka shafa mana a yatsa ba ta gama fita ba. Ana cikin haka sai rediyo ya fara sanarwa safe da yamma cewa ranar Laraba za a yi husufin rana, kada kowa ya firgita, kada kuma a kalli rana da ido. Mutanen unguwarmu suka haɗa wannan da wancan. Na ji wani dattijo a bakin masallaci yana cewa tun da aka ƙirga bayin Allah kamar awaki, dole a ga abin da ba a saba gani ba.

A makaranta kuwa, malaminmu na kimiyya ya zo aji da tocila da lemo da ƙwallon roba. Ya sa aka rufe tagogi. Ya ce tocila ita ce rana, ƙwallo ita ce duniya, lemo kuma shi ne wata. Ya haska ƙwallon, sannan ya gitta lemon a tsakani, sai ga wata 'yar inuwa ta faɗa a jikin ƙwallon. Ya ce, "Wannan inuwar ita ce husufi. Duk wanda yake tsaye a cikinta ba zai ga rana ba." Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya yaya ƙaramin abu kamar wata zai rufe rana. Malam ya ce ta miƙa hannu ta rufe ido ɗaya, ta kare fuskarsa da babban yatsanta. Ta yi, ajin ya fashe da dariya. Daga nan ya rubuta mana a allo cewa faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, amma kuma nisanta daga gare mu ya ninka nasa kusan sau 400. Rana tana da nisan kilomita miliyan 150, wata kuwa kimanin kilomita 384,000. Shi ya sa idan muka ɗaga kai muke ganinsu kamar girmansu ɗaya.

Ya ƙara mana da wani abin da ya fi burge ni. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓuya, domin a lokacin ne yake bi ta tsakaninmu da rana. Husufin wata kuma sai a tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar. Da na koma gida na duba kalandar da ke rataye a ɗakin Baba, na tarar lallai muna ƙarshen Safar. Dalilin da ya sa ba a yin husufi kowane wata, in ji Malam, shi ne hanyar wata ta ɗan karkace da kimanin digiri biyar, saboda haka yawanci inuwarsa takan wuce ta sama ko ta ƙasa, ba ta taɓa duniya ba. Ya ce a wannan karo inuwar za ta taso daga Brazil da fitowar rana, ta ƙetare teku, ta shiga Ghana da Togo da Benin, ta ratsa Nijeriya ta wajen Shaki da Gusau da Katsina, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya har Turkiyya. Mu a Jalingo muna gefe, don haka ba za mu ga duhu sosai ba, wani yanki na rana zai rage. A ƙarshe ya ɗaga murya ya ce, "Ko da yanki ɗaya ya rage, ya isa ya ƙone ido. Kada wanda ya kalla." Ya koya mana yadda ake huda takarda da allura a bar hasken ya faɗa a kan wata takardar. Na saurara, amma a raina na ce wannan kallon yara ne.

Dada tana da nata bayanin, wanda ta gada daga nata kakanni. Ta ce rana da wata kowa da hanyarsa a sama. Idan ɗaya ya yi kuskure ya bi hanyar ɗan'uwansa, sai su kama kokawa. Shi ya sa idan wata ya yi zazzaɓi da dare, yara sukan fito suna kaɗa gwangwani da tsofaffin kwanoni, suna roƙon rana ta yi haƙuri ta sake shi. Na ce mata, "Dada, ai ba kokawa ba ce, inuwa ce." Ta dube ni ta ce, "To, maigida, ka yi boko ka fi matarka sani. Amma ranar Laraba ba inda za ka." Haka take kirana, maigida, ƙanwata Auta kuma kishiya, kamar yadda kakanni suke wasa da jikoki. Sai dai wannan karon ba wasa take yi ba. Ta sa Baba ya hana mu zuwa makaranta. Ta ce matar yayanmu, wadda take da tsohon ciki, kada ta leƙo ko ƙofar ɗaki. Ta sa a rufe randuna, a kwashe shanya.

Daren Talata na yi abin da na ji manyan yaran unguwa suna faɗa. Na samo fasasshen gilashin taga a bayan gida, na kunna fitilar kwai a zaure, na cire kwalbar, na kara gilashin a kan harshen wutar har hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Na ɗaga shi na dubi fitilar, na ga wutar ta zama kamar ɗan garwashi. Na naɗe shi a tsohuwar jarida na ɓoye a bayan buhun masara. Auta ce kaɗai ta gan ni. Shekarunta bakwai. Don kada ta tona, na yi mata alkawarin zan ba ta ta kalla.

Gari ya waye tas, babu gajimare. Zafin Maris a Jalingo ba ya jiran azahar, tun ƙarfe takwas ake neman inuwa. Unguwa ta yi shiru fiye da kullum. Masu kosai sun tashi da wuri, 'yan acaɓa ƙalilan ne a kan titi. Bayan ƙarfe tara Baba ya fito da rediyonsa ya zauna a zaure. Da farko ban ga wani canji ba, har na fara tunanin ko masana sun yi kuskure. Can wajen ƙarfe goma sai na lura zafin da ke dukan bayan wuyana ya ragu. Hasken ma ya sauya. Bai yi kama da na yamma ba, domin hasken yamma ja ne, kuma inuwa takan yi tsawo. Wannan fari ne mai rauni, kamar an tsarma shi da ruwa, ga rana kuma tana can sama. Bangon gidanmu ya yi launin toka. Wata iska mai ɗan sanyi ta taso. Kajin Dada suka daina tono, suka taru a bakin akurki suna kallon juna, zakara ya yi cara sau biyu.

Daga masallacin unguwa aka yi kira a taru, Baba da yayanmu suka fita. Sallar husufi raka'a biyu ce, amma kowace raka'a tana da ruku'u biyu da karatu mai tsawo. Baba ya gaya mana daga baya cewa liman ya tunatar da mutane abin da ya faru a Madina, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka kuma yi husufi. Mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai Manzon Allah ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Baba ya ce dattijon nan mai maganar ƙidaya yana sahun gaba, bai ce uffan ba. Ta bayan katanga kuma muna jin maƙwabciyarmu, wata Mumuye da muke kira Maman 'Yan Biyu, ta tara 'ya'yanta suna addu'a da waƙar coci a hankali. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Dada, kuna lafiya?" Dada ta ce, "Lafiya lau, 'yata. Allah dai ya fitar da mu." Ta ce, "Amin."

Dada ce ta fara ganin abin. Tana zaune a bakin ƙofarta da carbi, sai muka ji ta ce, "La'ilaha illallahu! Ku zo ku gani." Muka fito da gudu. A ƙarƙashin darbejiya, inda hasken rana yake ratsowa ta tsakanin ganye ya zuba a ƙasa, kullum ɗigo-ɗigo ne masu zagaye, ba wanda ya taɓa kula da su. Ran nan kowane ɗigo ya zama lauje. Ɗaruruwan lauje a kan tabarma, a jikin turmi, a kan zanen Dada, har a bayan akuya, duk sun fuskanci gefe guda, suna rawa idan iska ta kaɗa. Sai a lokacin na gane abin da Malam yake nufi da takarda da allura: kowace 'yar kafa a tsakanin ganye tana zana hoton rana a ƙasa. Na ruga madafa na ɗauko matsamin ƙarfe mai huji-huji na ɗaga shi, sai ga lauje a jere a inuwarsa. Dada, wadda ta hana kowa fita, ita ce ta aika a kira matar yayanmu. Ta ce, "Taho ki gani, ai ƙasa za ki kalla, ba sama ba." Ta miƙa tafin hannunta, lauje uku suka sauka a kai, ta yi ta dariya kamar yarinya.

Da na tsaya a nan, da labarin ya yi daɗi. Amma ganin hankalin kowa yana ƙasa, sai na ja hannun Auta muka zaga bayan ɗaki. Na warware gilashina na ɗaga. Na ga rana ja, siririya, an cinye mafi yawanta, kamar jinjirin wata. Ban daɗe ba na sauke, domin Auta tana ta jan rigata. Na miƙa mata, na koma leƙen ko wani yana zuwa. Ban san tsawon lokacin da ta yi tana kallo ba. Abin da na sani shi ne, da na karɓi gilashin na ga yatsunta sun goge hayaƙin a wuri biyu, haske yana wucewa. Na tambaye ta ko idonta yana ciwo, ta ce a'a. Hankalina ya kwanta, na jefa gilashin a masai.

Kafin azahar rana ta koma yadda take, zafi ya dawo, kaji suka watse. Da yamma unguwa ta cika da labari. Wasu sun kalla a cikin kwano da ruwa, wasu ta tsohon fim na hoto, wasu ta baƙin tabarau. Wani mai walda a bakin titi ya ce mutane sun yi layi a shagonsa suna karɓar gilashin aikinsa. Rediyo kuma ya kawo wani labarin: an kama Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, a Gamboru Ngala ta Jihar Borno yana shirin ƙetare iyaka. Nan take masu fassara suka ce to, ga dalilin husufi. Baba ya yi murmushi ya ce, "Watau saboda mutum ɗaya aka rufe rana tun daga Brazil?"

Washegari da safe Auta tana karatun allo, sai ta ce wa Dada akwai ƙuda a kan allonta, ta kore shi ya ƙi tashi. Duk inda ta duba, ƙudan yana tsakiya. Da ta rufe idon dama sai ya ɓace. Cikina ya ɗuri ruwa. Baba ya kai ta asibiti, ni ma na bi su, ban san me ya sa ba. Likitan ya haska idon ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko ta kalli rana jiya. Ya yi mana bayani cewa a can bayan ido akwai wani tantani da hoto yake sauka a kansa. Ƙwayar ido tana tattara haske a kan tantanin, kamar yadda yara suke tattara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Tantanin ba ya jin zafi, saboda haka mutum ba ya sanin yana ƙonewa sai bayan sa'o'i. Ya ce a ranar da ba husufi, ƙarfin haske yakan tilasta wa mutum kau da kai. Baƙin gilashi kuwa yana rage hasken ne har ido ya saki jiki ya buɗe, alhali abin da ke cutarwa yana wucewa. Ruwa a kwano da fim da tabarau duk ba su tsare komai. Ya ce babu maganin da zai ba ta, sai jira: wasu sukan warke cikin watanni, wasu tabon yakan zauna.

A hanyar komawa Baba bai yi magana ba. Da muka shiga gida ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wa ya bar yarinyar nan ta kalli rana?" Auta ta sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ya bushe. Kafin in ce wani abu, Dada ta ce, "Ni ce. Ni na ce su fito." Baba ya dubi mahaifiyarsa, ya buɗe baki, ya rufe, ya shige ɗaki. Maganar ta mutu a nan.

Bayan mako guda kawunmu, direban babbar mota, ya dawo daga Gusau, inda husufin ya same shi. Ya ce abin da muka gani a Jalingo somin-taɓi ne. A can duhu ya sauko gaba ɗaya da hantsi, na minti uku da wani abu. Rana ta zama baƙin faifai da farin haske kewaye da shi kamar gashi, tauraruwar Zara ta fito, gefen sama ko'ina ya yi ja kamar magariba. Ya ce ya ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuka a tasha. Kowa ya kewaye shi yana tambaya. Da a ce kwana goma da suka wuce ne, da ni ne a gaba. Ran nan ina gefe ina kallon Auta, wadda take karkata kai tana duban kawu da gefen ido.

Ƙudan ya yi ta raguwa a hankali. Kafin ƙarshen damina ya zama ɗan hazo, amma bai tafi duka ba. Auta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba, ko da muna faɗa. Ni ma na yi shiru shekara bakwai. Sai ranar Lahadi 3 ga Nuwamba, 2013, da aka sake yin wani husufin da rana tsaka, ina gida hutu daga jami'a. Dada ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, na ɗauke ta na zaunar a gindin darbejiya don ta ga lauje. Muna zaune na ce, "Dada, akwai maganar da nake so in gaya miki." Na faɗa mata komai, tun daga fitilar kwai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Maigida, wa kake tsammani ya wanke wa kishiyata fuska ran nan? Hancinta da goshinta duk baƙin hayaƙi." Na ce, "To, me ya sa kika ce ke ce?" Ta ce, "Ubanka yana da zafin hannu. Ido ɗaya ya riga ya taɓu, ban ga amfanin a ƙara da bayanka ba. Kuma ai ni ɗin ce na ce ku fito." Da daddare na sami Baba a zaure na faɗa masa shi ma. Ya daɗe yana murza rediyonsa, sannan ya ce in je in nemi gafarar wadda na yi wa laifi. Dada ta rasu a shekarar da ta biyo baya.

Masana taurari sun daɗe da gano cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kimanin sa'a takwas. Saboda waɗannan sa'o'i takwas, duniya takan ƙara juyawa kashi ɗaya cikin uku, sai inuwar ta faɗa a wani yanki can yamma. Idan ka ɗora wannan lissafi a kan 29 ga Maris, 2006, zai kai ka 8 ga Afrilu, 2024, ranar da inuwar ta ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Ana ƙarshen azumi a lokacin. Bayan mun sha ruwa na je gidan Auta, wadda yanzu tela ce mai 'ya'ya biyu, muka kalla kai tsaye a wayata. Na ce mata, "Kin san wannan ɗan'uwan namu ne? Shi ne ya zagayo." Ta ce, "Allah sarki. Ka gaishe shi." Tana maganar tana ɗinkin kayan sallah. Na ga ta ɗauki allura, ta rufe idon dama, ta zura zare da na hagu, kamar yadda take yi tun tana koyo.

Lissafin masana ya nuna cewa ranar 20 ga Maris, 2034, cikakken husufi zai sake ratsa Nijeriya, daga wajen Legas ya nufi arewa maso gabas zuwa Chadi. Akwai tabarau na musamman da ake yi don kallon rana, wanda ba a ganin komai ta cikinsa sai ita. Na gaya wa Auta zan saya wa 'ya'yanta tun da wuri, in kai su inda inuwar za ta bi. Ta ce ta yarda, da sharaɗi biyu: ita za ta riƙe tabarau ɗin, kuma ita za ta duba shi da kanta kafin kowa ya ɗaga kai.